Nijar: Yadda malaman jinya ke tsare jaririn ciki daga guba tun kafin ya zo duniya

Duk wanda ya saba bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya, ko ta Daura zuwa Damagaram, ko kuma ta Illela zuwa Birnin Konni, ya san cewa ba buhunan wake da albasa ne kaɗai ke tsallaka iyaka ba. Akwai magunguna a kan faranti da cikin kwali, akwai mayukan shafawa, akwai maganin ƙwari a kwalaben da babu ko takarda a jikinsu, kuma kasuwa ɗaya ce ke ci da su daga wannan gefe zuwa wancan. Masu saye ma kusan mutane ɗaya ne, domin macen da aka aura a Ɗan Isa watakila iyayenta na Jibiya, kuma can za ta je goyon ciki. Wannan ne ya sa a wannan mako muka ga ya dace mu leƙa Jamhuriyar Nijar, mu duba wani aiki da ba a cika maganarsa ba, wato yadda malaman jinya da ungozomomi ke ƙoƙarin tsare jaririn da ke ciki daga abubuwa masu cutarwa da uwa kan ci, ko ta sha, ko ta shafa, ko ta shaƙa ba tare da ta san illarsu ba.

Maganar ta shafi Nijar ƙwarai, ganin cewa tana cikin ƙasashen da mata suka fi haihuwa a duniya. Ƙididdigar da aka yi a shekarar 2012 ta nuna cewa a matsakaicin lissafi mace kan haifi 'ya'ya fiye da 7, kuma ko da adadin ya sauko zuwa 6 da 'yan kai a binciken 2021, har yanzu mace kan shafe shekaru masu yawa na rayuwarta ko dai tana da ciki ko tana goyo. Likitoci kuwa, waɗanda mutanen can ke kira lokotoro, yawancinsu suna manyan birane irin su Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. A ƙauye, wanda mai ciki za ta gani shi ne malamin jinya ko ungozomar da ke cibiyar lafiya ta gunduma, ko ma'aikacin ƙaramin ɗakin shan magani irin waɗanda aka gina da yawa a zamanin marigayi Shugaba Tanja Mamadu. Idan wannan ma'aikaci bai yi tambaya ba, to ba wanda zai yi.

Mabiyiya ba katanga ba ce

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, su kansu likitoci da dama sun ɗauka cewa mabiyiya katanga ce da ke tace duk wani mugun abu kafin ya kai ga jariri. Abubuwa biyu ne suka rushe wannan fahimta. Na farko ya faru a garin Minamata na ƙasar Japan, inda a shekarar 1956 aka gano wata cuta da ta samo asali daga zaiba, wato makuri, da wata masana'anta ke zubarwa a teku, kifi ya ɗauka, mutane suka ci. An ga matan da su kansu ba su nuna wata alamar ciwo mai tsanani ba, amma suka haifi 'ya'ya masu lalatacciyar ƙwaƙwalwa. Na biyu shi ne maganin talidomaid, wanda aka fara sayarwa a Jamus ta Yamma a 1957, ana bai wa mata don laulayi da rashin barci. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 a ƙasashe daban-daban da nakasa, da yawansu ba cikakkun hannuwa ko ƙafafu.

Abin lura a labarin talidomaid shi ne, a wani asibitin haihuwa na birnin Sidni da ke Ostareliya, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Pat Sparrow ce ta lura cewa jariran da ake haifa da wannan nakasa iyayensu mata duk sun sha magani iri ɗaya, ta kuma ja hankalin likita William McBride, wanda daga baya ya rubuta gargaɗin da ya karaɗe duniya a ƙarshen 1961. Wato idon wadda ke tsaye a kan mai naƙuda kullum ne ya fara gani.

Yau an san cewa mafi yawan magunguna, da giya, da gubar hayaƙin taba, da dalma, da zaiba, duk suna ratsa mabiyiya. An kuma san cewa lokacin da ya fi haɗari shi ne wata biyu zuwa uku na farko, domin a lokacin ne ake halittar zuciya da ƙwaƙwalwa da laka da gaɓoɓi. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da shi ba. A nan matsalar take. A ƙasar Hausa, ko a Nijar ko a Nijeriya, ba a bayyana ƙaramin ciki, musamman na fari, saboda kunya da kuma tsoron baki. Mata da yawa sai ciki ya fito, ya kai wata biyar ko shida, sannan su je awo. Kafin nan duk abin da zai shiga ya riga ya shiga.

Saboda haka malaman jinya da suka san aikinsu ba sa jiran ranar awo. Duk macen aure da ta zo da zazzaɓi ko ciwon kai ko ciwon mara, kafin a rubuta mata magani sai an tambaye ta yaushe rabonta da ganin al'ada. Tambaya ce mai nauyi a baki, musamman idan ma'aikacin namiji ne, amma ita ce ke raba maganin da ya dace da wanda zai yi ɓarna. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga sau 4 zuwa sau 8, ta kuma ce a yi na farko kafin ciki ya wuce mako 12.

Maganin kan faranti

Babban abin da ke ci wa ma'aikatan lafiya tuwo a ƙwarya a Nijar shi ne magungunan da ake talla a kasuwa da tasha da ƙofar gida. Mai talla bai san mai ciki ba, bai san adadin da ya kamata ba, kuma kayan sun sha rana da ƙura. Ƙasar ta ɗanɗana kuɗarta a 1995, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da aka yi wa dubban mutane allurar rigakafin da daga baya aka gano ta jabu ce. Rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, wanda ya ɗauki watanni kafin a ɗage takunkumin a farkon 2024, ya ƙara wahalar samun magani a wancan lokaci.

Akwai magungunan da kowa ya raina amma suke da illa ga ciki. Kafso ɗin nan mai ja da rawaya, wato tetirasaikilin, wanda ake sha don gudawa ko ciwon ciki, yana shiga ƙashi da haƙoran jariri, har yaro ya tashi da haƙora masu dauɗar launi da ba ta wankuwa. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, idan aka sha su bayan ciki ya kai rabi, suna iya rage ruwan da jariri ke kwance a ciki, a watannin ƙarshe kuma su taɓa wata jijiya ta kusa da zuciyarsa. Tiramol da maganin tari mai kodin, waɗanda wasu matan ke sha don gajiya ko damuwa, suna sa a haifi jaririn da jikinsa ya saba da su, ya yi ta kuka da karkarwa ya ƙi kama nono. Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma haramci a takarda bai kwashe shi daga kasuwannin iyaka ba. Sai kuma ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda kan tayar da hawan jini da ciwon suga, abubuwa biyu da mai ciki ke gudu.

Sai dai aikin malamin jinya ba hani kaɗai ba ne. Macen da ke shan maganin farfaɗiya ko na hawan jini ko na ciwon suga, idan ta yanke shi rana ɗaya don ta ji an ce magani na cutar da ciki, haɗarin da za ta shiga zai iya fin na maganin. Abin da ake so shi ne a tura ta wurin likita ya canja mata da wanda ya dace, kuma da so samu ne tun kafin ta ɗauki cikin. Haka nan akwai magungunan da ake so ta sha: ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da folik asid kullum, da Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro aƙalla sau 3, wata ɗaya tsakani. Shi ma Fansidar ɗin ba a ba da shi a wata uku na farko, wanda ke nuna cewa ƙidayar makonni da ungozoma ke yi a katin awo ba aikin banza ba ne.

Kwalli, man bilicin da farar ƙasa

Wasu abubuwan ba a ɗauke su magani ba, balle a yi tunanin faɗa wa ma'aikacin lafiya. Kwallin gargajiya na dutse, mai ƙyalli idan an fasa, yawancinsa dutsen dalma ne. Uwa na sawa, kuma da an haihu a ranbaɗa wa jariri. Farar ƙasa da masu ciki ke kwaɗayi, wadda a Gana ake kira ayilo, a Kamaru kuma kalaba, hukumomin abinci na Ingila da Amurka sun gwada irinta da ake kai musu suka sami dalma a ciki, suka yi gargaɗi. Ban da wannan, cin ƙasa na tafiya tare da ƙarancin jini, don haka ungozomar da ta ji mace na cin ƙasa takan duba jininta maimakon ta tsaya faɗa.

Man bilicin kuwa ya zama ruwan dare a biranen yankin nan. Wasu daga cikin mayukan da sabulan suna ɗauke da zaiba, wasu da haidirokwinon, wasu da magungunan kumburi masu ƙarfi da fata ke tsotsewa. Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta hana masu haidirokwinon a 2016, Kamaru ma ta ɗauki mataki a 2022. A 2018 hukumar abinci da magunguna ta Gana ta fito ta gargaɗi mata masu ciki da ke haɗiyar wasu ƙwayoyi da nufin wai jaririn ya fito fari. Launin fata gado ne, babu ƙwayar da ke canja shi a ciki. Malamar jinya mai lura ba ta bukatar a gaya mata, domin gaɓoɓin yatsu da suka yi baƙi alhali fuska ta yi fari sun isa shaida. Gwaninta ita ce yadda za ta buɗe maganar ba tare da ta kunyata matar a gaban sauran masu awo ba.

Haka batun maganin zaƙi da sauran jiƙe-jiƙe da saiwoyi da ake ɗura wa mace idan ciki ya tsufa. Iyaye mata ne ke kawowa, da kyakkyawar niyya, don naƙuda ta zo da sauƙi. Matsalar ita ce ba wanda ya san adadin abin da ke cikin kofi ɗaya, kuma wasu itatuwan na sa mahaifa ta riƙa murɗawa da ƙarfi kafin ƙofa ta buɗe, jariri ya galabaita. Mafi muni shi ne allurar naƙuda da wasu ke yi a gida ko a shagon magani, wadda kan kai ga fashewar mahaifa. Hatta goro da shayi mai kauri irin na Buzaye, da aka saba da su a Nijar, ana son mai ciki ta rage, kuma kada ta kora ƙwayar ƙarin jini da shayi domin yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen.

Gubar da miji ke kawowa gida

Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara ba a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinare da ake daka wa a cikin gidaje ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Kafin a gano dalilin, mutane sun ɗauka zazzaɓi ne ko sanƙarau, sai da ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara. An sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015. Dalma na da wata mugunta ta daban: tana kwanciya a ƙashi shekara da shekaru, idan mace ta sami ciki jiki ya fara jan sinadarin ƙashi don gina jariri, sai ta fito tare da shi ta shiga jini. Yarinyar da ta sha ƙurar tana ƙarama za ta iya miƙa wa ɗanta bayan ta yi aure. Tana jawo ɓari, da haihuwar bakwaini, da hawan jini ga uwa, da raunin ƙwaƙwalwa ga yaro.

Nijar ma ƙasar masu haƙar zinare ce, daga Komabangu a yamma zuwa Jado a arewa, inda aka yi tururuwa a 2014. A watan Nuwamban 2021 rami ya rufta da mahaƙa a yankin Ɗan Isa, daf da iyakarmu, mutum aƙalla 18 suka rasu. A irin wannan haƙa ta hannu, a ƙasashe da dama, ana amfani da zaiba wajen kama zinare, sannan a ƙona ta ta tashi a hayaƙi. Idan aka yi ƙonar a tsakar gida, mai ciki ta shaƙa. Nijar da Nijeriya duk suna cikin yarjejeniyar Minamata ta 2013 da ke neman a rage amfani da zaiba, amma kafin yarjejeniya ta kai ƙauye, tambayar malamin jinya ce ke kaiwa: Malam wace sana'a yake yi, kuma yana kawo aikin gida?

Tambayar ta shafi manoman rani ma, irin na Jiratawa kusa da Maraɗi da masu albasar Galmi. Miji ne ke feshi, amma matar ce ke wanke kayan da ya yi feshin da su, kuma sau da yawa galan ɗin maganin ne ke komawa na ɗiban ruwa ko na zuba mai. A ɗaki kuma ga fiya-fiya da ake yayyafawa don sauro a rufe ƙofa, ga ƙwayar da ake jefawa a buhun wake a ajiye shi inda ake kwana. Shawarar da ake bayarwa mai sauƙi ce: gidan sauro maimakon fiya-fiya, a fasa galan ɗin magani a binne, wani ya wanke kayan feshi ba mai ciki ba, wake kuma a zuba shi a buhun nan mai ninki uku da ba ya bukatar magani, wanda aka fara yaɗawa a yankin tun 2007. Hayaƙin itace a rufaffen ɗakin girki, da na taba ko shisha da miji ke busawa a ɗaki, su ma suna cikin abubuwan da ke sa a haifi jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba.

Abin da ke ɗaure musu hannu

A 2005 gwamnatin Nijar ta mai da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 ta ƙara da awon ciki da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5. Matakin ya sa mata sun ƙaru a cibiyoyin lafiya, sai dai a shekarun da suka biyo baya an yi ta fama da jinkirin biyan cibiyoyin kuɗin da suka kashe, abin da kan bar kantar magani ba kowa. Malamin jinyar da ya gama yi wa mace huɗuba a kan maganin talla, sannan ya ce mata ƙwayar ƙarin jini ta ƙare, ya san inda za ta nufa idan ta fita. Ga kuma yawan jama'a: idan mata sun cika rumfa tun safe, ma'aikaciya ɗaya ce ke awo, ita ke rubutu, ita ke karɓar haihuwa, minti nawa za ta ba kowace mace?

Akwai kuma laifin da ke wuyan wasu ma'aikatan, kuma gaskiya ce a faɗe shi. Mata da yawa a ɓangarorin iyakar biyu na kukan tsawa da wulaƙanci a ɗakin awo. Macen da aka yi wa tsawa don ta ce ta sha jiƙo, gobe ba za ta daina sha ba, faɗa ne kawai ba za ta ƙara yi ba. Makarantun horar da ma'aikatan lafiya na Yamai da Damagaram, da takwarorinsu na Katsina da Kano da Sakkwato, ya kamata su ɗauki iya magana da mai ciki a matsayin darasi daidai da iya allura.

Wani abin koyi daga Nijar shi ne makarantar mazaje, wadda aka fara a jihar Damagaram wajen 2008 da tallafin Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda magidanta ke zama da ma'aikatan lafiya su tattauna lafiyar matansu, sannan su fita su ja hankalin 'yan'uwansu. Hikimar a fili take, domin miji ne ke ba da izinin zuwa awo, shi ke sayo magani a hanyarsa ta dawowa daga kasuwa, shi ke kawo maganin feshi gida. Idan aka haɗa da uwar miji da ungozomar gargajiya, waɗanda maganarsu ta fi ta kowa nauyi a kan cikin fari, to rabin aikin ya kammala.

Don haka muna kira ga hukumomin lafiya na Maraɗi da Katsina, da na Damagaram da Jigawa, da na Tawa da Sakkwato, su riƙa musayar labari a kan miyagun magunguna da mayukan da ke yawo a kasuwanninsu, tun da mai talla ba ya tsayawa a iyaka. Ga magidanta kuma, da zarar iyali ta ce wata ya wuce, a kai ta awo ko da ba wanda ya sani sai ku biyu, a kuma tattara duk abin da take sha ko take shafawa, na asibiti da na gargajiya, a tafi da shi a leda a nuna wa malamar. Ba ta bukatar na'ura kafin ta ce wannan a ci gaba, wannan a ajiye sai bayan yaye.

Allah Ya raba masu ciki da abin da suke ɗauke da shi lafiya, Ya kuma saka wa masu kwana a kansu da alheri.